Likitan Haƙori Mai Giɓi a Ƙasar Damagaram

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na tsaya sayen ƙosai a bakin titinmu na Tudun Wada a tare ni, kowa so yake ya ji yadda ƙasar take. Direbanmu kuwa, Malam Hudu, tuni ya riga ni isa majalisa, yana ba da labarin yana ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina, tunda dai bakin nawa ne abin ya shafa.

Ni likitan haƙori ne. Ni da Anti Rifkatu, 'yar Wusasa, wadda ta girme ni a shekaru da aiki, mun saba duk ranar da muka samu sarari mu zagaya makarantun firamare, daga Tudun Wada zuwa Tudun Jukun da Gyallesu, wani lokaci har Dutsen Abba, muna koya wa yara wanke baki. Babban kayan aikinmu wasu haƙoran roba ne masu girman ƙwarya, sama da ƙasa, da ƙarfe mai tsalle a tsakani, da burushi mai tsawon kamu. Ni ne mai koyarwa, don ina da murya da son a kalle ni. Anti ita ce mai duba bakin yara da cire abin da ya ruɓe.

A Tudun Jukun wani baƙo ya gan mu, Malam Laminu, shugaban wata makarantar ƙauye gaba da Matamai a ƙasar Damagaram. Ya kawo yayansa asibiti Zariya ne. Da aka tashi ya zo ya ce mana yaran makarantarsa ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, wanda haƙori ya dama sai ya jira ranar kasuwa a fizge masa da filaya. Kafin in buɗe baki Anti ta ce za mu zo.

Ni kuwa sai na shiga gaya wa mutane zan yi tafiya ƙasar waje. Na ɗinka sabon kaftani na shadda, na zauna da waya ina haddace Faransanci. Maiɗakina ta tsaya tana kallona, ta ce, "Wai ƙasar wajen da ake zuwa a motar Malam Hudu?"

Da Malam Laminu ya aiko cewa ya kammala mana izini wajen hukumar lafiyarsu, muka kama hanya bayan asuba, lokacin bazara. Muka bi ta Kano, Kazaure, Daura. Motar Malam Hudu tsohuwa ce mai ƙishirwa, ta fi mu duka shan ruwa, duk inda ya ga famfo sai ya tsaya ya shayar da ita yana lallashinta. Kafin mu isa iyaka a Kwangwalam, shaddar nan ta manne min a baya kamar an jiƙa ta.

Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A ɗaya ɓangaren wani jami'i dogo ya nufo mu, na ce to, ga ranar Faransancina. Na fito na gyara hula na zuba masa duk abin da na haddace, tun daga gaisuwa har zuwa ko ni wane ne. Mutumin nan ya tsaya ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, kana jin Hausa?"

Na ce ina ji.

"To yi ta, mu huta gaba ɗaya."

Na waiwaya na ga Anti ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta na rawa.

Ya duba takardunmu ya ce a buɗe but. Ya cusa hannu cikin kwali ƙarƙashin tsofaffin jaridu, sai haƙoran roban nan suka kame masa yatsu. Ya yi tsalle baya yana salati. Da ya ɗago su ya ga girmansu, ya ce, "Wannan na wane ne?"

Malam Hudu ya ce, "Na Dakta ne."

Jami'in ya dubi haƙoran, ya dubi bakina, kamar mai gwada ko za su shiga. Sai da Anti ta yi masa bayani ya fashe da dariya. Daga nan ya ja ni bayan mota, ya rage murya ya ce, "Lokotoro, don Allah duba min nan," ya wangale baki. A nan na fara sanin cewa a wajensu likita sunansa lokotoro, in kuwa suka ce likita, asibitin suke nufi. Kafin in gama da shi abokan aikinsa sun yi layi, da mai canji, da wata mai fura. A gindin dogonyaro na buɗe asibitina na farko a ƙasar waje, da cokali a maimakon madubi, don kayan aikin suna can ƙasan kaya.

Ƙauyen yana nesa da kwalta, hanyar yashi ce, muka tura mota har na daina jin tausayin kaftanina. Muna shiga yara suka biyo mu a guje, suna nuna Malam Laminu da ya fito tarbarmu suna ihu, "Mushe! Mushe! Baƙinka sun zo!" A Tudun Wada yaron da ya kira hedimasta mushe, ko ubansa ba zai iya cetonsa ba. Shi kuwa Malam Laminu sai fara'a yake. Ashe haka suke kiran malamin makaranta, daga Faransanci ne, makarantar kuma lakwal. Kafin yamma ni ma na zama Mushe, har ina amsawa.

A gidansa ya sauke mu. Anti ta shiga wajen maiɗakinsa, Zara'u, mace mai fara'a da saurin hannu, ni da Malam Hudu aka ba mu zaure. Amma zauren na ajiye jaka ne kawai, don a can lokacin zafi kowa waje yake fitar da gadonsa ya kwana, ba ƙofa ba sakata. Ni da na saba sai na zagaya gidana na taɓa kowane kwaɗo kafin in kwanta, na rasa abin da zan kulle. Wani abin da ya ba ni mamaki, rana na take tsaka gari ya mutu. Lakwal a rufe, shaguna a rufe, har awaki sun nemi inuwa, ba mai motsi sai an kusa la'asar. Na ce wa Malam Laminu a Zariya wannan lokacin ne kasuwa ke ci. Ya ce, "Shi ya sa kuke da faɗa."

Abinci kam ba laifi. Zara'u ta kawo kwaɗon zogale, su suna ce masa kopto, da fura mai nono wadda ludayi ke tsayawa a cikinta, da burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawon da sai ka yi niyya. Malam Hudu ya ɗaga shi ya ce wannan ko kare ya biyo ka ya wadatar.

Bayan la'asar dattawan gari suka zo gaishe mu, aka shimfiɗa tabarmi a kan yashi a ƙofar gida, aka ɗora shayi. Shayinsu a 'yan ƙananan kofuna ne, ana yi ana sakewa, sukari kuwa da tafin hannu ake zuba shi. Da na ga haka sai likitancina ya motsa. Na gyara zama na fara yi wa dattawan nan wa'azi a kan sukari da ruɓewar haƙori, kofin na hannuna ina kurɓa. Suka yi ta gyaɗa kai cikin ladabi. Ana cikin haka aka kawo faranti da cuku, wato nono da aka busar ya zama kamar allo, da busasshen dabino.

Malam Laminu ya ce, "Lokotoro, tsoma shi a shayi ya yi laushi tukuna."

Na ce, "Haba Mushe, ai haƙori sana'ata ce." Na ɗauki dabino na kafa masa haƙoran gaba.

Ƙas!

A nan dole in yi muku bayanin abin da ko abokaina da yawa ba su sani ba. Ɗaya daga cikin haƙorana na gaba, na sama, ba nawa ba ne. Ina ɗalibi na faɗo daga keke a Gyallesu ya karye, aka fere guntun da ya saura aka sa masa murfi mai kamar haƙori. Shekara da shekaru yana zaune lafiya, ya ci rake, ya ci kilishi. Dabinon Damagaram ne ya tumɓuke shi. Na ji iska ta shiga inda ba ta saba shiga ba, na kai harshe, na tarar da ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa.

Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Sannu. Sukarin ne?"

Na rufe baki da hannu na ce murfi ne, in an samo shi za a iya mayarwa. Jama'a, sai ga dattawan gari, masu furfura, a durƙushe suna tona yashi suna neman haƙorin baƙo. Zara'u ta aiko da rariya aka shiga tankaɗe ƙasa. Aka samo ɓalli, aka samo ƙwallon dabino ba iyaka, ba haƙori. Wata kaza ta gifta, Malam Hudu ya rantse ya ga ta tsinci wani abu fari, ya ce a yanka ta a duba. Anti ta ce masa, "Malam Hudu, kai dai ka ce kana marmarin kaza." Har aka kira magariba ba a gani ba.

Da safe na ce wa Anti ba ni da lafiya, ta yi darasin ita kaɗai. Ta ce ita da aikin dubawa. Na ce to zan sa takunkumi.

Ta ce, "Da takunkumi za ka nuna musu yadda ake wanke baki? Tashi, ƙanena. Mun taso tun daga Zariya, ba za mu koma saboda kwalliyarka ba."

Na cire kaftanin da ya sha yashi na bar wa Zara'u ta ba da wanki, na sa farar rigar aiki, na fita kamar wanda za a kai kotu.

An tara yara a inuwar bedi, wato dogonyaro, a filin lakwal, iyaye na tsaye daga baya. Na ɗaga haƙoran roba da burushi, na ce, "Ku faɗi abin da na faɗa: sama da ƙasa, safe da dare!" Abin da ban sani ba, duk inda harafin "s" ya fito sai giɓin nan ya yi fito. Yaran kuwa masu biyayya ne. Suka amsa gaba ɗaya, "Sama da ƙasa, safe da dare," kowa na ƙoƙarin yin fiton, sun ɗauka yana cikin karatun. Malam Laminu ya shige aji da sauri, na jiyo shi yana tari.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, kai ba ka wanke naka ba ne?"

Na ga ba mafita, na gaya musu gaskiya, keke da dabino. Suka yi dariya har da masu birgima. Amma abin mamaki, daga nan suka ba ni kunnuwansu fiye da yadda yaran Zariya suka taɓa ba ni. Na nuna musu yadda ake bi daga dasashi zuwa bakin haƙori, da burushi ko da asuwaki, wanda ma su sun fi yaranmu riƙo da shi. Na ce kowa da nasa, ba aro, in an sha alawa a kurkure, kada a buɗe kwalba da haƙori. Wata yarinya ta ƙara da cewa, "Ko dabino." Na ce ko dabino.

Ana cikin rabon burushi Malam Laminu ya zo ya ja mu gefe, fuskarsa ta canza. Wani mutum ne tsaye a bayan aji, siriri, riƙe da hannun 'yarsa. Sunansa Malam Ma'azu, yarinyar kuma Fassuma, ba ta wuce 'yar aji biyu ba. An naɗe mata kai da gyale. Da Anti ta warware, kuncinta ya kumbura yana sheƙi, har idon wannan ɓangaren ya fara rufewa, jikinta zafi rau. Malam Laminu ya ce ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ta daɗe ba ta zo lakwal ba, ko kunu da ƙyar take sha. Ya ce a gaskiya ita ce ya tuna ranar da ya gan mu a Tudun Jukun.

Anti ta duba ta ce turmin sama ne, na yarinta, ya ruɓe ya tara ruwa. Dole a cire yau, a ba ta magani, in ba haka ba kumburin zai ci gaba da hawa.

Malam Ma'azu ya girgiza kai. Ya ce, "Na sama ba a cire shi. Jijiyarsa ɗaya da ta ido. Ƙanena an cire masa a kasuwa, ya yi jinya har muka fid da rai, idonsa bai koma daidai ba har yau. Ku ba ta ƙwaya kawai."

Na matso na shiga yi masa bayani, cewa ƙazantar ƙarfen kasuwa ce ta cuci ƙanensa, cewa barin haƙorin ne ma zai taɓa idon. Ina yi ina fito. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Lokotoro, kada ka ji haushi. Kai ma ga naka bakin." Ya mayar wa yarinyar gyalenta ya juya zai tafi. Na tsaya da burushi mai tsawon kamu a hannu, ban taɓa jin rashin amfanina irin na lokacin ba.

Sai ga Zara'u da sauri, tana kwance bakin mayafinta. Ta ce, "An samu! A aljihun gaba na kaftaninka yake, mai wanki ta gani." Wato duk tonon da dattawa suka yi, abin yana kan ƙirjina.

Anti ta karɓa ta jujjuya shi, ta dube ni, ta dubi bayan Malam Ma'azu. Ta ɗaga murya ta ce, "Baban Fassuma, dakata. Wannan na sama ne ko na ƙasa?"

Ya juyo ya ce na sama ne.

"To zo ka tsaya nan. Irin allurar da zan yi wa 'yarka zan yi masa, a sama, da irin ƙarafan da zan taɓa ta da su. Kai dai ka sa ido a kan idonsa."

Na matsa kusa da ita na raɗa mata, "Anti, ai wannan liƙawa ce kawai, ba sai an yi allura ba."

Ta ce, "Na sani. Zauna."

Aka jawo benci tsakar fili. Lakwal gaba ɗaya ta kewaye ni, da iyaye, da dattawan jiya. Ku sani, allurar gaban baki ta sama ita ce mafi zafi a duk sana'armu. Na yi wa mutane ita ba adadi, kullum ina ce musu kamar cizon sauro ne. Ranar na gane ina da bashin neman gafara a wajen mutanen Zariya da yawa. Na damƙe bencin nan da hannu biyu. Ban yi ƙara ba, wannan kam Allah ya rufa asiri, amma hawaye suka ɓalle min ta ido biyu suna gangarowa cikin kunne, ba yadda zan yi da su. Na ji wani yaro ya ce, "Mushe na kuka," maganar ta zagaya fili.

Anti ta wanke murfin ta tsabtace shi, ta dama abin liƙi, ta mayar, ta ce in cije. Da ta gama Malam Ma'azu ya sunkuyo ya leƙa idona ɗaya, ya leƙa ɗayan. Ya nuna can bakin hanya ya ce, "Wa ke tafe?"

Na share fuska da hannun riga na duba. Na ce, da leɓe mai nauyi kamar na wani, "Mace ce da tulu, da goyo a bayanta."

Sai Fassuma da kanta ta sake hannunsa ta matso. Da ƙyar take buɗe baki. Ta ce, "Da zafi?"

Na so in ce mata cizon sauro, na kasa. Na ce, "Akwai, da farko. Yanzu babu."

"Ka yi kuka."

"Na yi."

Ta dube ni sama da ƙasa da ido ɗaya da rabi, ta ce, "Ni ba zan yi ba." Ta hau bencin. Ta ce amma Madam, wato Anti, ce za ta yi mata, ba ni ba. Uban ya ɗaga kai ya dubi Anti ya ce, "Bismilla."

Aikina a ranar shi ne in ba ta babban yatsana ta riƙe. Ta murɗe shi har na ji kamar zai bi sahun haƙorin, amma ba ta yi kuka ba, ɗigo ɗaya bai fito ba. Haƙorin ya fita, ruwan da ya taru ya biyo baya, uban ya kau da kai yana ta addu'a. Anti ta ba da magani, ta kai su wajen ma'aikacin jinyar ƙauyen ta bar masa amanar dubawa. Bayan Fassuma, iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a gida suka yi ta fitowa da su, muka yi aiki har gari ya mutu da rana ya sake farfaɗowa ba mu tashi ba.

Ranar da za mu taho idonta ya buɗe, kuncin ya saɓe, na same ta a ƙofar gidansu tana shan fura. Malam Ma'azu ya rako mu har bakin gari. Ba mai yawan magana ba ne. Ya yi wa Anti godiya mai tsawo, ni kuma ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya riƙa maka shi, Lokotoro." Na ce amin da iyakar gaskiyata.

Dawowa ba wani labari, sai taya da ta fashe kusa da Kazaure.

Kwanan nan Malam Laminu ya kira ni a waya. Ya ce Fassuma ta koma lakwal, ta karɓe matsayinta, yara kuma suna wanke baki, har wasu na yi wa iyayensu faɗa. Na fara jin kaina na kumbura. Sai ya ce wai sun ƙirƙiro wani sabon wasa da suke yi lokacin tara, wasan lokotoro. A jawo benci, a samo tsinke a matsayin allura. Na tambaye shi wa ke fitowa a matsayina.

Ya ce, "Ai nan rigimar take. Kowa Madam yake so ya zama, maza da mata. Sai an yi ƙuri'a, wanda ya faɗi shi ne kai. Ya kwanta a benci, a ɗiga masa ruwa a ido."

Na ce, "Fassuma fa?"

Ya ce, "Ita ba ta shiga ƙuri'a. Ita ce mai riƙe maka hannu, tana cewa ka yi haƙuri, yanzu za a gama."